Na kama kifi a kogin Mizuri na sake shi, har yau Inna ba ta huce ba

Bari in fara da laifina, cika baki ne ya ja min. Akwai wani dattijon Bature da muke aiki tare a nan Helena, babban birnin jihar Montana a Amurka, duk ranar Litinin in dai lokacin zafi ne sai ya shigo da wuya jawur rana ta gasa shi yana bin mutane da hoton kifi a waya, ni kuma rannan bakina ya ƙi yin shiru na ce masa ai ni nan da kake gani jikan masunta ne, mahaifiyata 'yar Yauri ce, danginta duk Sarkawa ne, duk dogon hutu daga Kaduna can ake tura ni wajen Kawu bakin kogin Kwara, na san birgi na san mamari na san gura, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mutumin nan bai musa min ba, murmushi kawai ya yi ya ce to madalla, tsakiyar Yuli sai mu je Mizuri. Sai daga baya na gane me murmushin yake nufi.

Kifin da suke bi sunansa tirawut, kifin ruwan sanyi ne, ba mu da shi a gida. Irin sun da suke yi kuma su suna ce masa filai fishin, ni dai fatsar ƙuda nake ce masa don ba wani suna da ya fi dacewa. Ba tana, ba hanjin kaza, ba ƙullin dusa, ba komai da kifi zai ji ƙanshinsa. Ƙugiya ce tsirara ake naɗe ta da zare da gashin tsuntsu ko na dabba har ta yi kama da ƙwaro, sai ka ajiye ta a kan ruwa kifi ya ɗauka abinci ne. Da ya fara min bayani na ce a raina wannan ai kifin nasu ne ba shi da wayo, tarwaɗar Yauri ko a mafarki ba za ta ci gashin kaza ba.

Abu na farko lasin. A nan ba ka isa ka jiƙa ƙugiya a ruwa ba sai da takarda, na shiga shafin hukumar kifi da namun dajin jihar a waya na saya, kuma ba ɗaya ba ne, akwai na kiyaye muhalli da kowa yake fara saye, akwai na sun kansa, akwai kuma wani ɗan kuɗi da ake biya don yaƙi da baƙin halittun ruwa da ke maƙalewa a jikin jirage suna yaɗuwa daga wannan ruwa zuwa wancan. Minti goma an gama. Na tuna Kawu da shi lasin ɗinsa gaisuwar Sarkin Ruwa ce.

Sai Dattijo (haka nake kiransa, kuma ya saba har yana amsawa) ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, ba da wannan kalmar ba dai amma ma'anar kenan, in zo gidansa da yamma mu yi atisaye a kan ciyawa. Ya miƙo min sanda doguwa ƙafa 9, ba nauyi ko kaɗan kamar karan dawa, da ɗan kwarkwaron naɗe igiya a gindinta. To a nan ne na fara gane ba a nan gizo ke saƙa ba. Mu fatsar da muka sani nauyin yana can a ƙarshe, dalma ce ko tana, ka wurga ita ta ja zaren. A nan ƙudan ba shi da nauyin komai, igiyar ce mai kauri mai nauyi, ita ake jefawa shi kuma ya bi ta a baya. Sai ka ɗaga sanda ka tsayar da ita cak a saman kafaɗa, ka jira igiyar ta miƙe a bayanka, sannan ka turo gaba ka sake tsayawa cak. Jiran nan shi ne duk wahalar. Ni hannuna ya saba da bulala, ina ɗagawa nake dawowa, sai ka ji tas! kamar Bafulatani na kora shanu, Dattijo ya ce duk lokacin da ka ji wannan ƙarar a kogi to dala 3 ce ta tafi, ƙudanka ya tsinke. Sau uku na je gidan nan, matarsa tana leƙowa ta taga tana dariya, karensu ma ya daina tsayawa kusa da ni tun da na zabga masa igiya a kunne.

A bakin igiyar mai kauri ana ƙulla wani zaren roba fari da kifi ba ya gani sosai, lida suke ce masa, shi ma wajen ƙafa 9, yana farawa da kauri yana sirancewa, a ƙarshensa kuma a ƙara wani siriri kamar gashin kai, tifet. Suna da lamba, 4X, 5X, 6X, lamba na hawa zare na ƙara sirancewa. 6X ɗin da za mu yi aiki da shi da kyar yake ɗaukar kilo ɗaya da rabi kafin ya tsinke. Ƙullin kam ban sha wahala ba, nan ne kaɗai jinin Sarkawa ya nuna kansa, ka murɗa sau biyar ka zura ka jiƙa da yawu ka ja, Dattijo ya ja ya ja bai kwance ba ya gyaɗa kai.

Ranar tafiya na yi asuba tun wajen ƙarfe 4, don a nan lokacin zafi dare gajere ne ƙwarai, magariba sai bayan 9 na dare, isha'i kuwa ka yi ta gyangyaɗi kana jira. Ƙarfe 5 da 'yan mintuna yana ƙofar gidana da fikof ɗinsa yana jan kwale-kwale a tirela. Muka kama babbar hanya ta 15 muka yi arewa, ta ratsa tsakanin wasu jajayen duwatsu, kamar minti 45 muka isa Kireg. Garin nan wlh bai kai wata unguwa a Tudun Wada ba, 'yan gidaje ne da gada da layin dogo da shagunan kayan su, amma da sassafen nan ya cika da motoci masu jan jirage, lambobin jihohi kala kala, har da waɗanda suka taso daga wasu ƙasashen. Muka shiga shago ya sayi ƙudaje a ɗan kofin roba, ya biya masu kai mota, wato ka bar motarka inda ka saka jirgi su kuma su tuƙa ta su ajiye maka inda za ka fita, sana'a ce guda da mutane ke ci da ita. Na tambayi kuɗin hayar ɗan jagora mai tuƙa mutum yini ɗaya aka ce min ya haura dala 500, na yi saurin juya shi zuwa naira a kaina sai na ji jiri, na ƙara yi wa Dattijo godiya.

Mizuri ba rafi ba ne. Can kudu a wani wuri da ake kira Tiri Foks koguna uku suke haɗuwa su haife shi, Jefason da Madison da Galatin, sunayen da ayarin masu binciken ƙasa na Luwis da Kilak suka laƙaba musu a 1805, daga nan ya yi ta tafiya har ya faɗa kogin Misisifi kusa da birnin Sen Luwis. Inda muka je kuma ƙasan dam ɗin Holta ne da aka gama a 1918, daga dam ɗin zuwa garin Kasked kamar mil 35, nan ne matattarar tirawut. Dalili kuwa ruwan da ke fitowa daga tafkin dam ya fi na sauran koguna sanyi da rani, ga shi garai garai, ga ciyawar ruwa da ƙwari ba iyaka, kifi dubbai a kowane mil. Faɗinsa bai kai Kwara a Yauri ba ko kusa, amma ya isa ya ba ka tsoro, shimfiɗe yake lumui kamar ba ya motsi, sai ka sa ƙafa ka ji yana neman kwashe ka.

Mun saka jirgi a gadar Wulf Kirik. Da sanyin safiyar nan har jaket na sa, a watan Yuli fa. Dattijo ya zauna a tsakiya da filafilai biyu, ni ina gaba a tsaye na tokare cinyoyina a wani katako da aka yi don haka. Ya ce mu fara da mai sauƙi don in ji ɗumin kifi a hannu, sai ya ɗaura min ƙudaje biyu masu nutsewa, ƙanana, masu kama da tsutsar ƙwaro ta ƙarƙashin ruwa, da 'yar dalma, da wata 'yar ƙwallo mai launi a sama da ke yawo a kan ruwa. Na ce wannan ai totuwar kara ce irin tamu, ta nutse ka ja. Haka ɗin ne kuwa. Ba a yi rabin awa ba 'yar ƙwallon ta yi ƙasa na fizga da dukan ƙarfina irin na mai ciro tarwaɗa daga laka, sai ji na yi sakayau, ba kifi ba ƙuda ba dalma. Dattijo ya ce yaro, ɗaga sanda ake yi, ba cire masa kai aka ce ka yi ba. Na biyu ma haka. Na uku na daure na ɗaga a hankali, ya kamu, na jawo shi ina ta murna, ashe ba ma tirawut ba ne, wani farin kifi ne mai ɗan tsukakken baki da suke ce wa wayitfish, shi ne ma ɗan asalin kogin amma ba shi suke nema ba. Ni kam a ido na kifi ne mai kyau na miya. Ya cire ƙugiyar ya sake shi ina kallo, na haɗiye yawu ban ce komai ba.

Wajen ƙarfe 8 sai ya daina tuƙi ya nuna min bakin gaɓa da haɓa. Na ga kamar hayaƙi yana tashi a saman bishiyoyi da kan ruwa, ginshiƙi ginshiƙi yana lilo, na ɗauka wani ne ya kunna wuta. Ƙwari ne. Tiraiko sunansu, ƙanana ne ba su kai ƙwayar shinkafa ba, jiki baƙi fiffike fari kamar leda, ka san yadda shinge ke fitowa bayan ruwan farko ya rufe fitila, to ninka shi ka kuma rage girmansa. Suna fitowa daga ruwa, su yi barbara a sama, matan su zuba ƙwai, sannan duk su mutu su zubo kan ruwa da fiffike a baje, duk cikin 'yan sa'o'i. Ba a jima ba fuskar kogin ta rufe da gawarsu kamar an watsa barkonon tsohuwa, ruwa ya tattara su a layin kumfa, sai ga kawuna sun fara ɓullowa.

Wannan abin ban taɓa ganin irinsa ba. Kifi kusan ashirin sun jeru a wuri ɗaya a ƙasa da mu, manya manya, ba tsalle ba fantsama, hanci kawai ke fitowa a hankali ya tsotsi ƙwaro ya koma, sai ƙayar baya, sai wutsiya, har kana jin ɗan sautin, cap, cap, kamar tsofaffi na shan kunu. Dattijo ya saki anga a hankali nesa da su, ya rage murya kamar muna masallaci, ya cire min kayan nutsewan ya ƙulla 6X da ƙuda lamba 20 (shi ma lamba na hawa yana ƙara ƙanƙancewa) wanda in ya faɗi a tafin hannunka sai ka nema. Ya matse 'yar ƙayar bakin ƙugiyar da filaya don ta fita da sauƙi. Ya ce ga su nan, jikan masunta.

Jifa na farko igiyar ta faɗi tim a kansu kamar an yar da guga. Kawunan nan duk suka ɓace. Muka zauna shiru kusan minti goma kafin su dawo. Kifi na ganinka mai jar koma, ashe karin maganar nan har a Amurka tana aiki.

Na biyu ya ɗan yi kyau, ƙudan ya sauka sama da su ya taho, ya wuce ta kan hancin wani ƙato, ƙaton ya ci na dama da nawa ya ci na hagu da nawa ya bar nawa. Na sake. Na sake. Na fi awa ɗaya ina abu ɗaya, na ce wa Dattijo ƙudan nan ne ba su so mu canza, ya ce ƙuda lafiyarsa ƙalau, ja yake yi. Na ce ban ja ba wlh hannuna a tsaye yake. Ya ce ba kai ba, ruwa. Na kalla na kalla ni ban ga wani ja ba. Raina ya fara ɓaci, ga rana ta fara zafi, ga wasu a wani jirgi can gefe sandarsu a lanƙwashe suna ihu, ga iska ta taso ta maido min da ƙudan ya maƙale a hulata, saura ƙiris kunne. Sai na ajiye sandar na zauna na ce ya yi nasa in gani.

Ina zaune ne na tuna wani abu da Kawu yake yi da ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Kafin ya shimfiɗa mamari ko ya kafa gura sai ya karyi ɗan kara ya jefa a ruwa ya tsaya yana binsa da ido, wani lokacin sau uku sau huɗu a wurare daban daban, in na ƙosa na ce Kawu mu tafi mana sai ya ce kai dai ba ka da haƙuri, ruwa ba ɗaya ba ne. Akwai busasshiyar ciyawa a cikin jirgin da ta maƙale tun daga tirela, na tsinka uku na jefa, ɗaya kusa da jirgi, ɗaya tsakiya, ɗaya can layin kumfar da kifin suke. Ta tsakiyar ta wuce fuu ta bar sauran, ta kusa da jirgi tana binta a baya, ta layin kumfar kuwa tafiyar hawainiya take yi har tana ɗan juyawa. Ashe ruwan da nake gani shimfiɗe kamar faranti hanyoyi ne a jere kowacce da gudunta. Igiyata mai kauri tana kwanciya a kan mai saurin, mai saurin ya yi ciki da ita ya ja lida, lida ya ja ƙuda, sai ƙudan ya riƙa gudu fiye da gawarwakin da ke kewaye da shi da ɗan abin da idona ba ya gani amma kifin da ya yini yana kallon dubunsu yana gani sarai. Mataccen ƙwaro ba ya tsere wa 'yan uwansa.

Na faɗa wa Dattijo, ya ce abin da nake gaya maka kenan tun ɗazu. Na ce a'a kai ja kawai kake ta cewa. Ya yi dariya ya ɗaga anga ya gyara mana tsayuwa, muka koma sama da kifin sosai, ta yadda zan jefa ƙasa ƙasa a karkace. Ya nuna min dabarar, kana turo igiya gaba tun tana sama kafin ta sauka sai ka kwantar da sandar gefen da ruwa ke fitowa, igiyar ta faɗi a sama da layin, ƙudan ya riga zaren isa wajen kifi, sannan ka riƙa sakin igiya kaɗan kaɗan kana karkaɗa bakin sanda don kada ta miƙe. In ya wuce su kuma kada ka fizge a kansu, ka bari ya yi nisa tukun. Na gwada kamar sau goma, biyu suka yi daidai, a na biyun wani ya ɗago ya buɗe baki farin cikin bakinsa ya bayyana, ni kuma don zumuɗi na ɗaga tun bai rufe ba na zare masa ƙudan daga baki. Kafin in gyara ƙwarin sun ƙare, kawunan suka ragu ɗaya bayan ɗaya, ƙarfe 11 kogin ya koma kamar ba kowa a cikinsa.

Tsakar rana ba abin labari sosai. Zafi ya haura 30, ciyawar ruwa tana ta tahowa tana maƙale wa ƙugiya, masu shawagi a kan tayoyin roba da kiɗa da lemo a kula sun cika kogi. Dattijo yana da ɗan ma'aunin zafi a ɗaure da igiya, lokaci lokaci ya tsoma, ya ce shi in ruwa ya kai 20 a ma'aunin Salshiyas yake naɗe sandarsa, don ruwan ɗumi iskar shaƙa ta yi ƙaranci a cikinsa, kifin da ka wahalar ko ka sake shi mutuwa zai yi. Hukuma ma tana da dokarta, in zafin kogi ya kai kusan 23 kwana uku a jere sai a hana su daga ƙarfe 2 na rana zuwa 12 na dare, kogin Jefason kusan duk shekara sai ta hau kansa. Namu ranar bai kai ba. Muka tsaya a wani tsibiri na tsakuwa na yi alwala da ruwan da ya sa haƙorana amsawa, na duba alƙibla a waya, a nan arewa take ta ɗan karkata gabas, kusan inda kogin ya nufa, na yi azahar wasu ƙwasaƙwasai farare suna tsaye can gefe. Na tambaye shi ko mai gonar da ke tsallake ba zai zo da bindiga ba, don na ga allunan hana shiga, ya ce dokar jihar ta 1985 ta ba kowa damar amfani da kogi har zuwa iyakar inda ruwa ke kaiwa in ya cika, ko gonar waye, abin da ba ka isa ba shi ne ka ratsa ta gonar mutum ka shigo.

A nan ne ma na yi masa tambayar da ke cina tun safe, wai don Allah me ya sa kuke sakewa. Ya ce ba dole ba ne, littafin doka ya yarda ka ɗauki kaɗan a wannan yankin, amma kalli yawan jiragen nan, in kowa ya tafi da nasa me zai rage. Ya ce da can hukuma tana zuba kifin kiwo a koguna duk shekara, sai wani masaninsu Dik Binsent ya yi bincike a kogin Madison ya gano zubawar ma rage na dajin take yi, daga 1974 jihar ta daina zubawa a koguna, duk wanda ka gani a nan a nan aka haife shi. Abin dariyar kuma su kansu tirawut ɗin baƙi ne, iri biyu ne a kogin, mai jan ratsin daga yammacin ƙasar wajen tekun Fasifik aka kawo kakanninsa, mai ruwan ƙasan kuwa daga Turai. Na ce ashe duk 'yan ci rani ne irina.

Mun wuce Kireg da la'asar ba mu fita ba, ya ce motar tana can ƙasa, mu jira yamma. Wajen ƙarfe 8 rana ta faɗa bayan duwatsu iska ta kwanta, sai wasu ƙwarin daban suka fito, kadis, masu kama da ƙananan malam buɗe littafi ruwan toka, suna shiga hanci suna shiga kunne. Su sun fi girma, lamba 16, ana iya ganin ƙudan a kan ruwa, zaren ma muka koma 5X. Can jikin gaɓa ƙarƙashin wani reshe akwai kifi ɗaya shi kaɗai yana ɗagowa a natse, duk bayan 'yan daƙiƙu. Kafin in taɓa sanda na tsinki ciyawa na jefa, Dattijo yana kallona bai ce uffan ba. Na ga hanyar. Jifa na farko ya gaza, na bari ya wuce. Na biyu na kwantar da sanda tun igiya na sama, ƙudan ya sauka kamar taku biyu sama da shi, yana tafe tare da wani ɗan kumfa ba ya gaba ba ya baya, sai hancin ya fito ya rufe shi. Na ce bismillah a raina kafin in ɗaga, wannan ɗan jinkirin ne ya cece ni.

Kai jama'a. Sandar ta lanƙwashe har gindi, kifin ya yi sama gaba ɗayansa ya karkaɗa a iska ya faɗo, sannan ya nufi tsakiyar kogi kwarkwaron yana ƙara kamar sabon keken ɗinki, igiya tana ƙona min yatsa. Hannuna ya kai zai damƙe, Dattijo ya daka min tsawa, bar shi ya gudu! Igiyar mai kauri ta kusa ƙarewa har na fara hango siririn zaren ajiya da ke ƙarƙashinta. In ya tsaya in naɗo, in ya ja in saki, ya sake tsalle sau biyu, ciyawa ta taru a lida har na fidda rai, ya ce in kwantar da sandar gefe in juya masa kai kada in ja shi da tsawo ya galabaita. Bai fi minti biyar ba amma gwiwoyina rawa suke. Da ya zo gefen jirgi ya ga koma ya sake zabura, a karo na biyu Dattijo ya zura ta ƙarƙashinsa ya ɗago.

Inci 18 a jikin ma'aunin koma, wajen santimita 45. Bayansa kore mai duhu da ɗigo ɗigon baƙi har wutsiya, gefensa ratsin ja ja kamar an shafa masa jan baki, kumatunsa ma haka, cikinsa fari tas, sanyi ƙalau kamar daga firij. Ya ce in jiƙa hannu kafin in taɓa don kada in goge masa santsin jikinsa, kada in sa yatsa a cikin kunnuwansa, kada in matse. Ƙugiyar tana gefen leɓe, taɓawa ɗaya ta fita. Na ɗago shi aka ɗauki hoto ɗaya ruwa na ɗiga, na mayar. Gaskiya a wannan lokacin na ga tukunya, na ga tattasai da albasa da daddawa, na ga tuwon shinkafa. Dattijo ya ce naka ne, in kana so akwai ƙanƙara a kula, ba wanda zai ce maka komai. Na riƙe shi a cikin ruwa kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, ina jin kunnuwansa na buɗewa suna rufewa a jikin yatsuna, ban ma gama yanke shawara ba ya buga wutsiya ya fantsa min ruwa a fuska ya tafi. To ni dai ban san ko ni na sake shi ko shi ya ƙwace ba, amma a wajen aiki na ce ni na sake.

Magariba a bakin inda ake fitar da jirage na yi ta sauro na cin rabonsu, muka iso Helena sha ɗaya ta wuce, ba abinci a gidan sai burodi da gwangwanin sadin, shi na buɗe. Kafin in kwanta na tura hoton a gurup ɗin gidanmu na WhatsApp. Da na tashi asuba na tarar da saƙon murya daga Inna, ta fara da sa albarka tana cewa kifi ya yi kyau masha Allah, jini ba ya ƙarya, a soya shi da kyau kada a bar shi ya kwana. Ƙanwata uwar gulma ta riga ta rubuta a ƙasa cewa ai Yaya sakinsa ya yi. Saƙo na biyu daƙiƙa tara ne kacal. Mi kac ce? Ka biya kuɗɗin takarda, ka yini cikin rana, ka kama shi da hannunka, kas sake shi? Kada ka bari Kawunka ya ji wagga magana.

Kawu ya ji. Ya ce a tambaye ni ko kifin ya yi min godiya.